Magangarun Ruwa na Wales da Sunayensu: Tambayoyi da Amsoshi

Hausawan da karatu ko aiki ya kai Birtaniya sukan ga hotunan magangarun ruwa na Wales su yi sha'awar zuwa, sai sunayen su tsaya musu a wuya: Sgwd yr Eira, Pistyll Rhaeadr, Rhaeadr Ewynnol. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kan wuraren da kuma sunayen.

Ina ne Wales, kuma me ya sa magangarun ruwa suka yi yawa a can?

Wales ɗaya ce daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka yi Birtaniya, tana yamma da Ingila, teku ya kewaye ta ta ɓangarori uku. Babban birninta Cardiff, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, kuma a bakinsu sunan ƙasar Cymru, harshensu kuwa Cymraeg, wanda za mu kira Welshanci a nan. Akasarin ƙasar tuddai ne da duwatsu. Mafi tsayinsu, Yr Wyddfa, ya kai mita 1,085.

Iska mai ɗauke da laima tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta ci karo da waɗannan duwatsu, ta sauke ruwanta. A kewayen Yr Wyddfa akwai inda ruwan sama ke wuce milimita 4,000 a shekara, alhali na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba. Babu rani da damina irin namu, ko wane wata ana iya tafka ruwa. Nisan duwatsun da teku kuma kaɗan ne, don haka dole koguna su sauko da gaggawa, duk inda suka tarar da goshin dutse sai su faɗo.

Me ya sa wata ake ce mata rhaeadr, wata sgwd, wata kuma pistyll?

Rhaeadr ita ce kalmar da kowa ya sani, kuma ita ta fi yawa a arewa da tsakiyar ƙasar. Sgwd ta mutanen kudu ce, musamman kwaruruwan kogunan Nedd da Tawe. Da ka ga suna ya fara da Sgwd, to ka san kudu ka nufa, ko ba ka duba taswira ba. Pistyll ma'anarta indararo, wato ruwa siriri da ke tsiyayowa daga sama a tsaye, ba mai faɗi ba. Akwai kuma ffrwd, ruwa mai gudu da ƙarfi, kamar Ffrwd Fawr da ke kusa da tsohon ƙauyen haƙar dalma na Dylife.

Abin da ke biye da kalmar farko shi ke bayyana wace ce. Wani lokaci girma ne: Rhaeadr Fawr babba, Rhaeadr Fach ƙarama, su biyun suna maƙwabtaka kusa da ƙauyen Abergwyngregyn. Wani lokaci launi: Rhaeadr Ddu, baƙa, saboda duhun dutsen da take bi. Uchaf na nufin ta sama, isaf ta ƙasa, kuma wannan yana da amfani sosai a kan hanya, domin Sgwd Clun-Gwyn da Sgwd Isaf Clun-Gwyn wurare biyu ne daban a kan kogi ɗaya. Wasu kalmomi da za ka riƙa gani a alluna su ne afon kogi, nant rafi, llyn tafki, cwm kwari, coed daji, pont gada. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya karanta rabin taswirar ƙasar.

Yaya ake furta waɗannan sunaye? Wasu kamar ba su da wasali.

Suna da shi. A Welshanci w da y wasula ne. W tana fita kamar u ɗinmu, don haka sgwd "sgud" ne, cwm kuma "kum". C kullum k ce. F guda ɗaya tana fita kamar v, sai an ninka ta, ff, take zama f. U kuwa ta fi kusa da i, shi ya sa Cymru ke fita kamar "Kamri". Nauyin murya galibi yana kan gaɓar da ke kafin ta ƙarshe.

Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya samu sauƙi a kan haruffa uku da ke wahalar da baƙi: dd tana fita kamar zalun ta Larabci, harshe tsakanin haƙora, th kamar sa'un mai ɗigo uku, ch kuma kamar ha'un mai ɗigo a sama, daga maƙogwaro. Rh ra ce da ake fitarwa tare da huci, rhaeadr kusan "hrai-adr". Wadda ba mu da irinta ita ce ll: ka ɗora harshe inda kake ɗora shi in za ka ce l, sai ka hura iska ta gefensa ba tare da murya ba. Daɗin abin shi ne rubutun Welshanci yana bin furuci sau da ƙafa, ba kamar Turanci ba. In ka koyi ƙa'idar sau ɗaya, ta zauna.

Na ga mawr a ƙamus, amma a allo an rubuta fawr. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Welshanci yana bambanta namiji da mace a sunaye kamar yadda Hausa ke yi, sai dai mu ƙarshen kalma muke canzawa, baƙi da baƙa, su kuwa farkonta. Bayan suna na mace, mawr ta koma fawr, bach ta koma fach, du ta koma ddu. Haka pedol, ƙarfen kofaton doki, ke zama bedol a Sgwd y Bedol, kogin Mynach kuma ya zama fynach a cikin Pontarfynach. In ka nemi kalma a ƙamus ka rasa, gwada mayar da harafin farko: f zuwa m ko b, dd zuwa d, b zuwa p, g zuwa c. Wannan canji yana da hannu a rikicin sunan da za a yi bayani a gaba, a amsar Swallow Falls.

Wace ce ta fi tsayi?

Ya danganta da yadda aka auna. An daɗe ana cewa Pistyll Rhaeadr ce, mai kimanin mita 73, amma ruwanta hawa uku yake saukowa, kuma akwai waɗanda suka fi ta. Pistyll y Llyn, kudu da garin Machynlleth, ta kai wajen mita 90, haka ma jerin magangarun kogin Mynach in aka haɗa hawa biyar ɗinsu. In faɗowa ɗaya tak ake nufi, akan ba da kambun ga wani siririn ruwa a Cwm Idwal mai mita 93, wanda masu hawan dutse suka laƙaba wa Devil's Appendix, rafin kuwa sunansa Nant Clogwyn y Geifr, rafin dutsen awaki. In an daɗe ba ruwa da ƙyar ake ganinsa, in sanyi ya tsananta kuma daskarewa yake yi har a hau shi da gatari da igiya. A kudu, Sgwd Henrhyd mai mita 27 ce kan gaba.

Gaskiya tsayi ba shi ne ma'aunin kyau ba a wannan ƙasa. Sgwd yr Eira ba ta kai rabin Rhaeadr Fawr mai mita 37 ba, amma mutane da yawa ita suke komawa gani.

To me ya sa Pistyll Rhaeadr ta fi suna?

Siffarta ce. Kogin Disgynfa yana saukowa daga tuddan Berwyn, ya faɗo a miƙe fari fat kamar mita 40, ya faɗa wani gurbi, sannan ya ɓullo ta ƙarƙashin wata baka ta dutse da ruwan ya huda da kansa, ya sake faɗowa. Daga ƙasa kana ganin wannan baka a tsakiyar ruwan, gansakuka ta lulluɓe ta. Da ya sauka sai kogin ya canza suna ya zama Afon Rhaeadr. Wata tsohuwar waƙar Turanci ta lissafa ta cikin abubuwan mamaki bakwai na Wales, abin da ya ƙara jawo mata baƙi tun tuni.

Ƙauyen da ke ƙasa, Llanrhaeadr-ym-Mochnant, daga gare ta ya samo suna, kuma yana da matsayi a tarihin harshen. A nan William Morgan yake limancin coci lokacin da ya kammala fassara Baibul zuwa Welshanci, aka buga a 1588. Masana sun yi ittifaƙin cewa wannan fassara ce ta daidaita rubutun harshen, ta kuma taimaka masa ya rayu a zamanin da Turanci ya mamaye kotu da mulki. Daga ƙauyen zuwa magangarar kimanin kilomita 6 ne a kan hanya siririya mai cin mota ɗaya, sai ana raɓewa ana ba juna wuri. Ranar hutu da rana cunkoso yakan yi muni, gara a yi sammako.

Ina ne ake shiga bayan ruwa a wuce?

Sgwd yr Eira ke nan, magangarar dusar ƙanƙara, a kan kogin Hepste. Tana yankin da ake kira Bro'r Sgydau, ƙasar magangaru, tsakanin ƙauyukan Pontneddfechan da Ystradfellte da Penderyn, a kudancin gandun ƙasa na Bannau Brycheiniog. Koguna Mellte da Hepste da Nedd Fechan da Pyrddin sun yanka kwazazzabai masu zurfi cike da itatuwa, kuma babu inda magangaru suka taru wuri ɗaya a Wales kamar nan. Sananniyar hanyar ƙafa, mai kusan kilomita 9, tana bi ta huɗu: Sgwd Clun-Gwyn, ta farin fili, Sgwd Isaf Clun-Gwyn, Sgwd y Pannwr, ta mai bugun ulu, sai Sgwd yr Eira. A ware mata awa 3 zuwa 4.

Ana sauka zuwa Sgwd yr Eira ta matakala fiye da 100. A ƙasa hanya tana bin gefen dutse ta shige ƙarƙashin wani leɓe da ya turo waje, ruwan yana zubowa daga kansa kamar labule. A ciki ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, dutsen ƙarƙashin ƙafa jiƙe yake koyaushe, feshin kuma yana ratsa riga cikin minti ɗaya. Ba don masu yawon buɗe ido aka yi wannan hanya ba. Manoma ne ke bi da tumakinsu don ƙetare kogin, tun kafin a san wurin a waje.

Me ya sa ake samun wannan rami a bayan magangarun kudu?

Duwatsun kudu a jere suke hawa-hawa, dutsen yashi mai tauri a sama, dutsen laka mai taushi a ƙasa. Inda ƙasa ta tsage tun zamanin da, wani ɓangare ya zame ya bar ɗaya a sama, sai kogi ya samu mataki. Feshin ruwa yana cin mai taushin da ke ƙasa, mai taurin ya rage a sama kamar rumfa, har wata rana ya karye, magangarar ta ja baya kaɗan. Haka abin yake a Sgwd Henrhyd kusa da Coelbren, wadda sunanta ke nufin tsohon mashigi. A kwarin da ke ƙasa da ita ne William Logan, wanda daga baya ya jagoranci binciken duwatsun Kanada, ya gano kututturan itatuwa da suka zama dutse a shekarun 1830, suna nan a harabar gidan tarihi na Swansea. Inda kuma dutsen farar ƙasa yake, kogi nutsewa yake yi: Mellte yana shiga kogon Porth yr Ogof ya ɓace, ya fito can gaba.

Arewa labarinta daban. Can tsohon dutsen aman wuta ne, kuma ƙanƙarar da ta rufe ƙasar, wadda ta gama narkewa kimanin shekara 11,500 da suka wuce, ta rarake manyan kwaruruwa ta bar ƙananan rafuka a rataye a sama. Shi ya sa na arewa suka fi tsayi da siranta. Charles Darwin ya zo Cwm Idwal a 1831 bai lura da sawun ƙanƙarar ba, sai da ya dawo a 1842 ya gane su.

Swallow Falls da Rhaeadr Ewynnol wuri ɗaya ne?

Wuri ɗaya ne, a kan kogin Llugwy, kimanin kilomita 3 yamma da Betws-y-Coed, dab da titin A5. Sunan Turancin yana nufin magangarar tsattsewa, na Welshancin kuma magangara mai kumfa. Bayanin da aka fi ji shi ne baƙi sun ji ewynnol, mai kumfa, suka ɗauka y wennol ne, wato tsattsewa, suka fassara kuskuren. Amma akwai masu binciken sunaye da ke cewa tsofaffin takardu Rhaeadr y Wennol suka nuna, domin wani dutse yana raba ruwan biyu kamar wutsiyar tsuntsuwar, kuma mai kumfar ce ta zo daga baya. Za ka ga sunayen Welshancin duka biyu a rubuce, kuma duk wanda ka faɗa za a gane.

Mutanen yankin suna da tatsuniya cewa kurwar Sir John Wynn na Gwydir, attajirin da ya rasu a 1627, tana tsare a ƙarƙashin ruwan saboda zaluncin da ya yi wa talakawa. Ana biyan kuɗi kaɗan a ƙofa kafin a sauka wurin kallo.

Me ya haɗa Shaiɗan da wata gada a can?

Sunan Turanci ne da wata tatsuniya. Ƙauyen da Turawan Ingila ke kira Devil's Bridge, a gundumar Ceredigion, sunansa Pontarfynach, gada a kan Mynach, kuma mynach na nufin ɗan zuhudun Kirista. Ana kyautata zaton 'yan zuhudun Ystrad Fflur ne suka gina gadar farko a tsakiyar zamanai. Da ta tsufa ba a rushe ta ba, aka ɗora wata a kanta a 1753, aka kuma ɗora ta ƙarfe a 1901. Yau gadoji uku ne a kan juna, ruwa yana tafasa a wani matsattsen rami can ƙasa.

Tatsuniyar ita ce saniyar wata tsohuwa ta ƙetare kwazazzabon, Shaiɗan ya ce zai gina mata gada in za a ba shi ran duk wanda ya fara hawa. Da gari ya waye tsohuwa ta jefa ɓawon burodi, karenta ya bi a guje, Shaiɗan ya tashi da kare. Dalilin zurfin wurin kuwa shi ne kogin Rheidol ya ci ƙasa da sauri fiye da Mynach, ya bar shi a sama, dole ya faɗo mita 90 kafin su haɗu. Hanyar kallo tana da wata matakala 100 mai tsananin gangara, ba ta mai ciwon gwiwa ba ce.

Wasu sunayen kamar na mutane ne. Su wane ne?

Sgwd Gwladus, a kan kogin Pyrddin, tana ɗauke da sunan 'yar Brychan, sarkin da aka ce ya mulki yankin a ƙarni na 5, wanda daga sunansa aka samu Brycheiniog. Can sama a kan kogin akwai Sgwd Einion Gam, ta Einion karkatacce. Labarin gargajiya ya ce su biyun masoya ne da uba ya hana aure, ruwan da ya bar ɗaya shi ke isa ɗayar. A Turanci akan ce wa ta farko Lady Falls, sunan da ya shafe Gwladus da ubanta da labarin gaba ɗaya. Zuwa Einion Gam sai an ratsa kogi da ƙafa, kuma ba a gwada shi bayan ruwan sama.

A arewa, kusa da Rhaeadr Cynfal a Llan Ffestiniog, wani dogon dutse yana tsaye a tsakiyar kogi, ana ce masa Pulpud Huw Llwyd, mumbarin Huw Llwyd. Mutumin ya rayu har cikin ƙarni na 17, soja ne kuma mawaƙi, mutanen zamaninsa suna ɗaukarsa mai sihiri.

Na je garin Rhayader ban ga wata magangara ba. Ina take?

Sunan garin Rhaeadr Gwy, magangarar kogin Gwy, Rhayader kuwa rubutun Turanci ne na kalmar. An fasa mafi yawan dutsen a 1780 lokacin gina gada, abin da ya rage ɗan tsalle ne kawai a ƙarƙashinta. Akasin haka ma akwai: Rhaeadr y Bedol kusa da Llangollen ba halitta ba ce, madatsa ce mai lanƙwasa, tsawonta mita 140, da injiniya Thomas Telford ya tsara don tura ruwan kogin Dyfrdwy cikin hanyar jiragen ruwa da aka haƙa. An gama ta a 1808, kuma tana cikin wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2009.

Ban da kallo, an taɓa cin moriyar waɗannan ruwaye?

Ƙwarai kuwa. A Aberdulais kusa da Neath an fara narka jan ƙarfe da ƙarfin magangarar tun 1584, daga baya aka yi injin niƙa, sannan masana'antar kwano. Ƙatuwar tayar ruwa da ke can ta haura mita 8. A Pontneddfechan akwai kangon masana'antar albarushi da aka rufe a 1931, an zaɓi kwazazzabon ne saboda ruwan juya injuna da kuma kariya in wani abu ya fashe. Pistyll Cain da Rhaeadr Mawddach, a dajin Coed y Brenin, suna gefen tsohuwar mahaƙar zinariya ta Gwynfynydd. Sunan Sgwd y Pannwr ma, da aka ambata a amsar Bro'r Sgydau, shaidar sana'ar ulu ce.

A Cenarth, kan kogin Teifi, kifi ne arzikin. Kifin salmon yana dawowa daga teku ya yi tsalle ya haura duwatsun don zuwa yin ƙwai, kuma Gerald na Wales, wani malamin coci, ya rubuta labarin wannan tsalle bayan tafiyarsa ta 1188. Masunta suna amfani da cwrwgl, ɗan kwalekwale zagayayye da mutum ɗaya ke goyawa a baya.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai yawa, lokacin da kogi ya cika amma ya fara lafawa. Oktoba da Nuwamba suna da ruwa da launin ganye, kuma lokacin ne kifi ke tsalle a Cenarth. Afrilu da Mayu hanya ta fi daɗin bi. A Yuli da Agusta jama'a sun yi yawa, ruwa kuma yakan ragu. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, cikin kwazazzabo kuma duhu yana riga haka, ga Azahar da La'asar da Magariba sun matso kusa da juna, don haka a tsara tafiyar da wannan a zuciya, a fita da alwala in da hali, domin ruwan kogin yana da sanyin da ke sa yatsu ƙagewa.

Ba ni da mota. Wanne zan iya kaiwa? Kuma wanne ya dace da yara da dattawa?

Betws-y-Coed tana da tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya taso daga Llandudno Junction, daga nan Rhaeadr Ewynnol tafiyar ƙafa ce ko bas. Daga Aberystwyth, ƙaramin jirgi mai tururi da aka buɗe layinsa a 1902 yana hawa kilomita 19 zuwa Pontarfynach cikin kamar awa ɗaya, amma ba duk shekara yake aiki ba, a duba jadawalinsa. Jirgin Talyllyn daga Tywyn yana tsayawa a Dolgoch, kusa da magangarun da ke can. Pistyll Rhaeadr da Sgwd Henrhyd kam suna da wuyar kaiwa ba mota.

Ga iyali, Rhaeadr Fawr ta fi: hanya mai faɗi, kamar kilomita 2 daga wurin ajiye mota, hawan a hankali. Cenarth da Dyserth a cikin ƙauye suke, 'yan taku ne daga titi. Zagayen magangaru huɗu da aka bayyana a sama ba na ƙananan yara ba ne. Ko'ina aka bi ta gona a rufe ƙofa a baya, domin tumakin ƙasar sun ninka mutanenta kusan sau uku, kuma filayen da ake ratsawa na masu su ne.

Ana iya wanka a gurbin da ke ƙasa?

Wasu suna yi, amma ba shawarar da za a ba baƙo ba ce. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar Yuli, kuma faɗawa cikinsa farat ɗaya yana ɗauke numfashi har ga gwanin iyo. A gindin magangara ruwa yana juyawa ya ja mutum ƙasa, ga duwatsu da kututture da ba a gani. An sha asarar rayuka a Bro'r Sgydau, wasu a ruwa, wasu santsi ya ɗebe su a bakin gaɓa wajen ɗaukar hoto, kuma gurbin da Mellte ke fitowa daga Porth yr Ogof ya ci mutane da dama. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba, a ɗauki rigar ruwa, a sauke taswira a waya tun daga gida saboda sabis yakan ɗauke a cikin kwari. In hatsari ya faru a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na kan dutse. A nan sanin ainihin sunan wuri, da bambancin uchaf da isaf, yake rage ɓata lokaci.

Tunda kowa a can yana jin Turanci, me ya sa zan wahalar da kaina da sunan Welshanci?

Da farko, shi ne a kan allo da taswira, kuma magangaru da yawa ba su da wani sunan. Na biyu, harshen a raye yake. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 suna magana da shi, kashi 17.8 cikin 100, kuma a gundumar Gwynedd su ne mafi rinjaye. Dokar 2011 ta ba shi matsayin harshen hukuma, gwamnatin Wales kuma ta sa burin kai masu jinsa miliyan 1 nan da 2050.

Mutanen suna da dalilin kishi. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro katako a wuya in ya yi Welshanci. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn da ke kwarin Tryweryn, inda Welshanci ne harshen gida, don tara wa birnin Liverpool ruwan sha, ba tare da ɗan majalisar Wales ko ɗaya ya goyi baya ba. Har yau za ka ga an rubuta Cofiwch Dryweryn, ku tuna da Tryweryn, a bango. Yanzu barazanar ta fi taushi: baƙi suna laƙaba sabon suna a intanet, ya bazu, tsohon ya dusashe, kamar yadda Llyn Bochlwyd ya koma Lake Australia a bakin wasu don kawai siffarsa. Saboda haka dokar 2016 ta kafa rajistar sunayen wurare na tarihi, hukumar gandun arewa ta yanke shawara a Nuwamba 2022 ta riƙa amfani da Eryri da Yr Wyddfa maimakon sunayen Turanci Snowdonia da Snowdon, ta kudu kuma ta koma Bannau Brycheiniog a Afrilu 2023. Ba wanda zai yi maka dariya in ll ta ƙi fita daidai. Ka gwada, ka ƙara da diolch, na gode, za ka ga fuskar mai shago ta sake.

Ana samun irin waɗannan sunaye a wajen Wales?

Ana samu a Ajantina. A 1865 wasu mutanen Wales suka yi hijira zuwa Patagoniya don su kafa mazauni inda harshensu zai zauna lafiya, jikokinsu suna lardin Chubut har yanzu, wasu suna jin Welshanci tare da Sifaniyanci. Kusa da garin Trevelin, wanda sunansa ke nufin garin injin niƙa, akwai jerin magangaru da ake kira Nant y Fall, a gindin duwatsun Andes.